Tafiyar Haske a Sararin da Babu Komai: Tarihin Wata Tambaya



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin duhu da haske. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Gabatarwa

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a ajin yamma na Islamiyyar da nake koyarwa, a wani ƙauye cikin ƙasar Dambatta. Muna bitar Suratu Yunus, mun zo aya ta biyar inda aka ambaci rana da wata, kowanne da sunan haskensa, sai ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, a makarantar boko an ce mana idan mutum ya yi sama sosai iska takan ƙare, babu komai sai sarari. To a kan me hasken rana yake hawa har ya iso mana?" Sauran yara suka yi dariya. Ni kuwa na ce mata ikon Allah ne, muka ci gaba da karatu.

Gaskiya na faɗa mata, amma na koma gida zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san na yi amfani da kalmar gaskiya ne na rufe bakin yarinya. Ikon Allah ne ke fitar da gero, sai dai hakan bai hana manomi sanin lokacin shuka da amfanin taki ba. Kuma tambayar tata ba abin dariya ba ce: ita ce ta hana manyan masana barci fiye da shekara dubu biyu, cikinsu har da malaman Musulunci. Don haka na ga ya dace in bi tarihinta daga tushe, ni da kai ɗan'uwa mai karatu, domin akwai darasi a cikinsa ga duk matashin da ke son ya riƙe addininsa kuma ya riƙe hankalinsa.

Abin da manomi ya riga ya sani

Mu a nan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, gona na manne da gona, gida na hangen gida. Idan kaka ta wuce aka yanke kara, ƙasa takan buɗe har ka hango mai faskare a ƙofar gidansa can nesa. Za ka ga gatari ya sauka a kan itace, sai bayan ɗan lokaci ka ji ƙararsa. Da damina kuma walƙiya ce ke riga tsawa isowa. Sauti yana cin kimanin kilomita ɗaya a cikin sakan uku, shi ya sa ake iya gane jinkirinsa. Haske kuwa sai ka ce ba ya buƙatar lokaci sam.

Akwai abu na biyu da manomi ya sani. Idan gero ya yi tsayi iska ta kaɗa, za ka ga taguwa ta ratsa gona daga wannan iyaka zuwa waccan, alhali babu karan da ya bar gurbinsa. Kowane kara ya sunkuya ne ya tashi, ya miƙa motsin ga maƙwabcinsa. Haka sauti yake tafiya a cikin iska, haka taguwa take tafiya a kan kududdufi idan yaro ya jefa dutse. Ka girbe geron, babu sauran taguwa. Tambayar ɗalibata ke nan a taƙaice: mene ne geron da haske yake kaɗawa tsakaninmu da rana?

Girkawa, masu falsafa da malaman tauhidi

Masanan Girka na dā sun rabu a kan yadda gani yake aukuwa. Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Baɗlimus wanda ya zo a ƙarni na biyu bayan haihuwarsa, sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wasu zaruruwan gani su taɓa abin da ake kallo, kamar yadda makaho ke lalube da sanda. Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle, ya ce haske wani hali ne da ke samun abu mai garau kamar iska ko ruwa, a take, ba tare da tafiya ba. Ya kuma ce sarari wayam, wanda babu komai a cikinsa, ba zai taɓa yiwuwa ba. Sammai a wurinsa cike suke da wani sinadari na biyar, bayan ƙasa da ruwa da iska da wuta, wanda Larabawa suka kira asir. Mai karatu ya riƙe wannan kalma, domin za mu sake gamuwa da ita.

Da aka fassara waɗannan littattafai zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara, sai muhawarar ta shigo gidanmu. Masu falsafa sun bi Arisɗo. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta risala ta musamman a kan sarari wayam, wanda suke kira al-khala'u, inda ya tattauna gwajin kifa tulu a cikin ruwa, ya ƙare da cewa babu shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma ya kore shi. Amma mafi yawan malaman ilimin kalamu, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, sun saɓa musu. Sun ce jikkuna an haɗa su ne daga ƙwayoyi ƙanana da ba sa rabuwa, kuma tsakanin ƙwayoyin akwai sarari wayam da suke motsi a ciki. Duk wanda ya karanta littattafan tauhidi na zaure, irin su Jauharatut Tauhid ta Ibrahim al-Laƙƙani, ya ci karo da kalmar jauharul fardi. Ragowar waccan muhawara ce. A wannan gaɓa ɗaya, tarihi ya nuna malaman tauhidi sun fi masu falsafa kusa da daidai, ko da yake hujjar hankali suka kafa, ba gwaji ba.

Ibnul Haisam da ɗaki mai duhu

Ranar Laraba 29 ga watan Maris 2006, ƙarshen watan Safar na shekarar 1427, an yi kusufin rana, wanda muka fi sani da husufin rana. A Gusau da Katsina da Maraɗi rana ta rufe ruf. A wajenmu ta kusa rufewa. Ina ɗan sakandare a lokacin. Da hantsi gari ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, manya suka nufi masallaci domin sallar kusufi. Abin da na kasa mantawa shi ne ƙasan wata dalbejiya: ɗigon hasken da ke ratsa ganye ya sauka a ƙasa, wanda kullum muke ganinsa a kewaye, ranar nan duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a jere. Na nuna wa mahaifina, na ce: "Baba, dubi ƙasa!" Ya duba, ya yi tasbihi, ya ja hannuna muka wuce masallaci. Sai bayan shekaru, ina jami'a, na gano cewa wani malami Musulmi ya rubuta risala sukutum a kan wannan abu, mai suna Maƙala fi Suratil Kusuf, kusan shekara dubu kafin ranar.

Shi ne Abu Ali al-Hasan ibnul Haisam, an haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi irin su al-Ƙifɗi sun ruwaito cewa sarkin Masar na lokacin, al-Hakim, ya gayyato shi domin ya daidaita ambaliyar kogin Nilu. Da ya je kudu wajen Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, sai ya ji tsoron fushin sarki, ya yi haukan ƙarya har sarkin ya gushe a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar yana kwafar littattafan lissafi yana ci da hannunsa. Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai.

A cikinsa ya rushe ra'ayin cewa ido ne ke fitar da haske. Ya kafa hujja da abin da kowa ya sani: wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda ya daɗe yana kallon abu mai haske sannan ya juya zuwa duhu zai ci gaba da ganin gurbinsa. Wannan alama ce ta cewa wani abu ne ke shigowa ido daga waje. Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa da ke buɗewa zuwa wuri mai duhu, sai ya ga ɗigon haske a bangon ciki, adadinsu daidai da adadin fitilun, kowanne yana daura da fitilarsa a kan miƙaƙƙen layi. Idan ya kare fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Idan ya janye kariyar, ya dawo. Da wannan ya tabbatar da abu biyu: haske miƙe yake tafiya, kuma haskoki suna ratsa juna a kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Abin da na gani ƙarƙashin dalbejiya ke nan: kowace ƙaramar kafa tsakanin ganye ta zana hoton rana a ƙasa, a juye. Irin wannan gwaji shi yake kira i'itibari.

Ya kuma ce haske yana buƙatar lokaci kafin ya isa daga wuri zuwa wuri, ko da lokacin ya yi ƙanƙantar da ido ba zai riske shi ba. A nan ya saɓa wa Arisɗo, kuma shi ke da gaskiya. Amma amana ta sa in faɗi iyakarsa. Ibnul Haisam bai ce haske yana ratsa sarari wayam ba. Ya ɗauka cewa sammai jiki ne mai garau, wanda ya fi iska laushi, kuma ta cikinsa hasken taurari yake saukowa. Ya kai tambayar nesa, bai ƙarasa da ita ba. Kamaluddin al-Farisi ya yi sharhin littafin a ƙasar Farisa wajen shekarar 1300, har ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa ta hanyar gwaji da tulun gilashi cike da ruwa. An fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, masanan Turai suka ɗora a kansa.

An samar da sarari wayam, an auna gudun haske

Muhawarar da aka yi ta yi da baki, gwaji ne ya raba ta. Wajen shekarar 1643, Torricelli, almajirin Galileo a Italiya, ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin kimanin santimita 76, ta bar gurbi a sama wanda iska ba ta da hanyar shigarsa. Ga sarari wayam a tafin hannu, kuma ana hango abin da ke bayansa tar. A 1660 Robert Boyle a Ingila ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi da famfon zuƙe iska. Ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya yi ta zuƙe iskar. Ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, amma agogon yana nan ana kallonsa. Sauti ya mutu da tafiyar iska, haske bai ko girgiza ba.

Sai batun gudu. A 1676 wani masanin taurari ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Romer, yana aiki a Faris, ya lura da wani wata da ke kewaya tauraron Mushtari cikin kimanin awa 42 da rabi. Wannan wata yakan shiga inuwar Mushtari ya fito a kan ƙa'ida, kamar agogo. Amma idan duniyarmu tana kusantar Mushtari sai a ga abin ya riga lokacinsa, idan tana nisantarsa sai ya makara. Romer ya ce watan bai makara ba, hasken da ke kawo labarinsa ne tafiya ta ƙaru masa. Ya sanar tun da wuri cewa wanda za a gani a watan Nuwamba na shekarar zai makara da minti goma, kuma haka aka yi. Maganar Ibnul Haisam ta tabbata bayan fiye da shekara 600. A 1849 Fizeau a Faransa ya auna gudun a doron ƙasa, da wani faifai mai haƙora 720 da ke juyawa da madubi a nisan kilomita takwas da ɗoriya, ya sami adadin da ya kusa daidai. Adadin da aka tsayar a 1983 shi ne mita 299,792,458 a sakan ɗaya, wato kusan kilomita 300,000. Daga Kano zuwa Makka, tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙasa cikin watanni ko shekaru, haske zai yi ta cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan.

Hawan asir da faɗuwarsa

Sanin gudun bai warware asalin tambayar ba. Huygens ɗan ƙasar Holan ya ce a 1690 haske taguwa ce. Newton ya karkata a littafinsa na 1704 ga cewa ƙwayoyi ne ƙanana da ake harbowa, kuma ƙwaya ba ta buƙatar abin hawa, kamar dutsen da aka harba da gwafa. Girman sunan Newton ya sa ra'ayinsa ya yi rinjaye kusan shekara ɗari. A farkon ƙarni na 19 Thomas Young a Ingila da Fresnel a Faransa suka nuna cewa idan haske biyu suka haɗu ta wata fuska sukan ƙarfafa juna, ta wata fuskar kuma su kashe juna a sami duhu. Wannan ɗabi'ar taguwa ce. To idan taguwa ce, ina geron?

Sai masana suka koma ga tsohuwar kalmar nan, asir. Suka ce lallai akwai wani abu da ya cika duniya baki ɗaya, har cikin tulun Boyle, wanda famfo ba ya iya zuƙewa. Da suka zauna lissafin siffofinsa sai abin ya zama almara: dole ya fi ƙarfe tauri kafin ya ɗauki taguwa mai wannan gudu, kuma dole ya yi laushin da duniya da taurari za su ratsa shi ba tare da ya rage musu tafiya ba. Ba a ganinsa, ba a taɓa shi, ba shi da nauyin da za a auna. Duk da haka manyan masana na ƙarnin sun yarda da shi, domin hankalinsu ya kasa sawwala taguwa ba tare da abin da take kaɗawa ba. Har James Clerk Maxwell, wanda ya nuna a 1865 cewa haske taguwa ce ta lantarki da maganaɗisu, ya rasu yana mai yarda da asir.

A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Michelson da Morley suka ƙudurta kama shi. Tunaninsu shi ne: duniya tana kewaya rana da gudun kimanin kilomita 30 a sakan, don haka lallai asir yana kaɗa mu kamar iska. Ka ɗauki masu keke biyu a ranar da iskar hunturu ke busawa, ƙarfinsu ɗaya, nisan tafiyarsu ɗaya. Ɗaya ya fuskanci iskar ya je ya dawo, ɗayan ya gitta ta ya je ya dawo. Ba za su iso tare ba. Wanda ya gitta zai riga. Haka suka raba haske gida biyu, suka aika kowanne ta fuskarsa zuwa madubi ya dawo, a kan wani faifan dutse da ke yawo a kan zaiba domin a riƙa juya shi. Suka juya ta kowace fuska, da rana da dare. Bambancin da suke jira bai bayyana ba. A 1905 wani matashi ɗan shekara 26, ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, Albert Einstein, ya nuna cewa lissafi yana tafiya daidai ba tare da asir ba, matuƙar an karɓi cewa gudun haske a sarari wayam ɗaya ne ga kowane mai aunawa. Abin da aka daɗe ana koyarwa a manyan jami'o'i a matsayin tabbas ya fita daga littattafai.

To yaya yake tafiya?

Ka ɗauki maganaɗisu ka kusantar da shi ga allura: za ta motsa tun bai taɓa ta ba, kuma za ta motsa ko da a cikin tulun da aka zuƙe wa iska ne. Wannan yana nuna cewa tasirin maganaɗisu yana iya zama a sarari shi kaɗai. Haka ma tasirin lantarki. Michael Faraday ya gano a 1831 cewa idan tasirin maganaɗisu ya sauya yakan haifar da lantarki, wanda shi ne asalin aikin janareta. Maxwell ya ƙara da cewa idan tasirin lantarki ya sauya shi ma yana tare da tasirin maganaɗisu. Saboda haka idan aka girgiza ɗaya, girgizar ba ta tsayawa a wurin: sauyin wannan yana tafe da sauyin wancan, suna miƙawa gaba tare. Wannan girgiza mai tafiya ita ce haske. Abin da ke kaɗawa tasirin ne da kansa, shi ya sa ba ya neman iska ko ruwa ko asir. Daga baya an gano cewa ana fitar da shi kuma ana karɓarsa ne a ƙulli-ƙulli, don haka ra'ayin Newton ma bai tafi a banza ba.

Abin mamaki, abin da aka zata abin hawa ne, ashe shi ke rage masa tafiya. A cikin ruwa gudunsa yakan sauka zuwa kimanin kilomita 225,000 a sakan, a gilashi kimanin 200,000. Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150. Haskenta yakan ratso wannan nisa cikin minti takwas da sakan ashirin ba abin da ya tare shi, sai a ƙarshen tafiya ƙurar hunturu ta dusashe shi a kan gonakinmu. Daga wata kuwa sakan ɗaya da ɗan ɗori ne. Taguwar rediyon da manomi ke rataye wa a reshe yana noma, wadda Hertz ya fara samarwa a Jamus a 1887, da saƙon wayar da ke aljihunka, duk dangin haske ne, tsawon taguwarsu ne ya bambanta. Farantin sola da ke cajin waya a bakin kasuwa kuwa yana karɓar abin da ya baro rana ne minti takwas da suka wuce.

Akwai wata fa'ida. Zaren hasken da kake gani ya ratso ɗaki ta hudar kwano, ƙurar da ke cikinsa ce ta sa ka gan shi. Haske ba a ganinsa yana wucewa ta gefe, sai ya daki wani abu ya juyo zuwa ido. Shi ya sa da dare sama take baƙi alhali hasken rana yana kwarara ta gefen duniya, babu abin da zai tare shi sai wata. Idan kuma ka ɗaga kai ka ga Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, hasken da ya baro shi fiye da shekara takwas kake gani. Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, haskensu ya yi kimanin shekara 440 a hanya. Ya taso fiye da shekara ɗari biyu kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804.

Darussa uku

Na farko: kada mu ɗaure ayar Alƙur'ani a jikin ra'ayin zamani. An samu wasu marubuta Musulmi a farkon ƙarni na 20 da suka fassara wasu ayoyi da asir, da kyakkyawar niyya, domin a lokacin shi ne ilimi. Asir ya faɗi, aya tana nan. Amma matashin da aka gina imaninsa a kan wancan tafsiri fa? Har yau akwai rubutun da ke yawo a intanet cewa an ciro gudun haske daidai wa daida daga aya ta biyar ta Suratus Sajda. Wanda ya bi lissafin a hankali zai ga an riga an san amsar, sannan aka yi ta gyara alƙaluman tafiyar wata har suka dace da ita. Imam ash-Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi gargaɗi a cikin al-Muwafaƙat game da ɗora wa Alƙur'ani ilmukan da ba domin su aka saukar da shi ba. Littafin Allah ya umarce mu da dubawa da tunani. Bai zama dole ya zama littafin lissafi ba kafin ya zama gaskiya.

Na biyu, kishiyar na farko: kada mu ƙaryata abin da gwaji ya tabbatar da sunan kishin addini. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin kusufi a gabatarwar Tahafutul Falasifa, ya bayyana cewa mai jayayya da lissafin masana a kansa, yana zaton yana taimakon addini, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Annabi (SAW) da kansa, ranar da aka yi kusufi ya dace da rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kore zaton mutane cewa saboda rasuwar ne, ya umarce su da salla da addu'a. Sanin sababi da yin salla ba sa karo. Haka nan alfahari da Ibnul Haisam ba shi da amfani idan muka bar hanyarsa. Shi ne ya rubuta littafi guda yana bayyana kurakuran Baɗlimus, yana kira ga mai neman gaskiya da ya tuhumi abin da yake karantawa, ya kuma tuhumi kansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, Shekarar Haske ta Duniya. Mu nawa ne muka taɓa huda kwali muka gwada abin da ya gwada?

Na uku ya shafi aƙida. Idan masanin kimiyya ya ce "babu komai", ba yana nufin rashi tsantsa ba, wanda malaman tauhidi ke kira adamu. Tsakanin taurari ma akwai kimanin ƙwayar zarra ɗaya a kowane gurbin da bai kai dunƙulen magi ba, alhali a iskar da muke shaƙa adadin da ke irin wannan gurbi ya kai 25 da sifiri 18 a bayanta. Ko an kwashe wannan ƙwaya ɗayar, saura sarari mai tsawo da faɗi da zurfi, mai ƙa'idojin da haske ke bi bai taɓa saɓawa ba. Abin da ke da awo da ƙa'ida halitta ne, yana buƙatar wanda ya auna shi. Don haka idan wani ya ce maka kimiyya ta nuna abu yana fitowa daga babu, ka tambaye shi wace babu yake nufi.

Kammalawa

Mako na gaba na koma aji da kwali da tocila uku. Muka rufe tagogi, muka huda kwalin da ƙusa, muka jera tocilan a gabansa. Ɗigo uku suka bayyana a bango. Na ce wa mai tambayar ta kare ta dama da tafinta, sai ɗigon hagu ya ɓace. Ajin ya kaure da salati. Na ce mata amsar da na ba ta ran nan tana nan daram, ikon Allah ne, amma ga kaɗan daga yadda Ya tsara ikon Nasa, kuma an yi shekara dubu biyu ana tattara shi, daga Iskandariyya zuwa Alƙahira zuwa Faris. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, to shi tasirin, me ya sa gudunsa ya tsaya a wannan adadi, bai fi ba bai gaza ba?" Na ce mata masana sun auna adadin, amma har yau ba su gano dalilin da ya sa ya zama haka ba, kuma ina roƙon Allah Ya sa cikin ajin nan a sami wanda zai bi sawun tambayar.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya sanya haske a zukatanmu da ganinmu da jinmu, Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wallahu a'alam.